Hirar Bayan Kallo: Yadda Bahaushe Ke Faɗin Ra'ayinsa Bisa Fim

Akwai wani irin zance wanda kowa ke yi, amma ba safai masu nazarin harshe su kan kula da shi ba, watau hirar da mutane ke yi in sun gama kallon fim. Ba sharhin da a ke bugawa a jarida ko mujalla na ke nufi ba, wanda mai shi ya zauna ya tsara da alƙalami. Abin da na ke nufi shi ne ɗan ra'ayin nan na fatar baki, wanda aboki ke gaya wa abokinsa a majalisa, ko mata a gidan biki, ko 'yan makaranta a hanyarsu ta komawa gida, in ɗaya ya ce, "Ka ga fim ɗin nan kuwa?" ɗayan ya amsa da kalma biyu ko uku. Gajartarsa ce ta sa a ke raina shi. Amma wanda ya kasa kunne sosai zai tarar yana da ƙa'idodinsa, da matakansa, da kalmominsa na musamman. Malaman kwalejojin horon malamai kuwa suna da ruwa da tsaki cikin wannan magana, domin da wannan harshe ne ɗalibi ke shigowa aji ran da aka fara ce masa ya faɗi ra'ayinsa bisa wani littafi ko wasan kwaikwayo.

Mu fara da sunayen abin kansa. Kalma uku gare mu, kowace da zamaninta. Ta fari ita ce "majigi". Asalinta sunan da Turawa ke kiran wata fitila mai haska hotuna a jikin bango, amma a bakin Hausawa ta zama sunan hotunan da gwamnati ke yawo da su a mota gari-gari. Tun cikin shekarun 1920 wani jami'in kiwon lafiya, William Sellers, ya fara aiki da su a Ikko don yaƙi da annoba, a 1939 kuma Ingila ta kafa hukuma ta musamman mai yin irin waɗannan hotuna domin ƙasashen da ta ke mulka. A kan kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar sarki ko ta hakimi da dare, kowa ya zo ya kalla kyauta, ga mai bayani da lasifika yana fassara abin da a ke gani, yana fito da abin da a ke so a koya, kamar tsabta da rigakafi da noman zamani. Baban Larai, wanda aka yi cikin shekarun 1950 don koyar da noman auduga, yana cikin waɗanda tsofaffi ba su manta ba.

Ta biyu ita ce "silima", ko "sinima", watau gidan da a ke biya a shiga. Rikiɗewar "n" zuwa "l" a nan ba baƙon abu ba ne, irinta ce ta ba mu "lamba". A Kano gidan Rex ne na fari, an buɗe shi a 1937, Kwarori kuma su ne suka riƙe wannan ciniki. Tun farko ba a ɗauki silima wurin zuwan mutumin kirki ba, gobarar da ta cinye gidan El Duniya a 1951, wadda ta halaka mutum fiye da 300, ta daɗa ƙarfafa wannan zato, gama mutane da yawa sun ɗauke ta ishara.

Ta uku, wadda ta danne sauran, ita ce "fim". Tana ƙarewa da baƙi, shi ya sa mu ke cewa "fim ɗin" kamar yadda mu ke cewa "bas ɗin". Jam'inta "finafinai" abin lura ne. Bahaushe ba ya bambanta "m" da "n" sosai a ƙarshen kalma, kamar a "mutum" da "mutun", ko "malam" da "malan", saboda haka ya ji "fin", ya gina jam'i a kansa bisa tsarin "fiffike" da "fikafikai". Kalmar da ta sami irin wannan jam'i ta daina zama baƙuwa, ta zama 'yar gida.

To, ga misalin irin hirar da mu ke magana, tsakanin yarinya da yayarta:

"Yaya, kin kalli na jiyan nan?"
"Na kalla."
"Ya kika gan shi?"
"To, ba laifi."
"Haba Yaya, ba laifi kawai? Ni kam ya tafi da ni. Wurin da uwar ta gane ɗanta sai da na yi hawaye."
"Wurin nan kam ya yi. Amma ƙarshen rainin hankali ne. Mutumin da aka jefa a rijiya, wa ya fito da shi?"

Kusan duk abin da wannan takarda za ta duba yana cikin waɗannan 'yan layuka.

Ginshiƙin hirar duka shi ne "ya yi" da kishiyarsa "bai yi ba". Aikatau "yi" bisa al'ada yana neman abin da zai biyo shi: ya yi kyau, ya yi tsawo, ya yi daɗi. In aka bar shi tsirara, ma'anarsa ita ce abu ya kai mizanin da a ke nema gare shi. Haka mu ke cewa "shayin ya yi", ko "rigar ta yi", ko "lokaci ya yi". Mai cewa fim ya yi bai faɗi wace sifa ce ta yi ba, ya dai shaida cewa an cika mudu, ya kuma ɗauka mai sauraronsa ya san girman mudun. Sa'an nan akwai bambanci mai muhimmanci tsakanin "bai yi ba" da "bai yi mini ba". Na farkon hukunci ne bisa fim ɗin, na biyun kuwa labari ne bisa mai maganar kaɗai. Saboda haka in wani ya riga ya yaba fim a gabanka, balle in ya girme ka, ladabi shi ne ka ce, "Ni dai bai yi mini ba." Ka faɗi naka ke nan, ba ka ƙaryata shi ba.

'Yan ƙananan kalmomin nan, "dai" da "kam" da "fa" da "mana", su ke ɗauke da rabin ma'anar. "Ya yi kam" amincewa ce da abin da wani ya faɗa. "Ya yi fa" jan hankali ne, kamar a ce kada ka bari ya wuce ka. "Ya yi mana" amsa ce ga mai gardama. "Ya dai yi" kuwa yabo ne na dole, mai shi yana da sauran magana a ciki, in ka yi shiru kaɗan za ka ji "amma". Mai koyon Hausa daga littafi zai ga jimla guda ce sau huɗu, alhali ra'ayi huɗu ne.

Daga "ya yi" a kan hau sama: ya yi kyau, ya ƙayatar, ya haɗu, ya kai fim, na gani ne na faɗa, ba a magana, sai wanda ya gani. Samari na yanzu sun ƙara nasu, kamar "ƙarshe ne" da "duniya ne", waɗanda mai yiwuwa ba za su daɗe ba, gama irin wannan kalma da zarar ta yawaita a baki sai kaifinta ya dakushe, a nemi wata. A kan kuma sauka ƙasa: ba laifi, da dama, ba yabo ba fallasa. Amma kada mai karatu ya zaci kowace kalma tana da matakinta tsayayye. "Ba laifi" a bakin dattijo, wanda girma ya hana shi nuna zumuɗi bisa abin wasa, yabo ne cikakke. A bakin saurayi kuwa, wanda ya saba da "ƙarshe ne", kushe ne cikin kawaici. Sai an san mai magana kafin a san nauyin kalmar.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi kowane jan hankalin mai nazarin nahawu, shi ne matsayin da ɗan kallo ke ba kansa a cikin jimla. Bature in zai faɗi ra'ayinsa ya kan sa kansa a gaba, shi ne mai so, shi ne mai ƙi. Bahaushe kuwa fim ɗin ya ke sawa a gaba ya zama aikau, shi kuma ya koma karɓau:

ya burge ni
ya taɓa ni
ya tafi da ni
ya sa ni kuka
ya ba ni dariya
ya ba ni tausayi
ya ba ni haushi
ya gundure ni
ya ishe ni

In mutum ya ce "ina son fim ɗin", so ne na dindindin ya ke nufi, irin na wanda ya kalla sau da yawa. In kuwa ya ce "na so fim ɗin", kunne ba ya karɓa sosai, domin "na so" ta fi karkata ga abin da aka yi nufi bai samu ba. Inda ɗan kallo ke zama aikau ba tare da tangarɗa ba shi ne "na ji daɗinsa", amma nan ma "ji" karɓa ne, ba aikatawa ba. Watau a wannan hira fim kamar baƙo ne da ya shigo ya yi maka wani abu, kai kuma kana ba da labarin abin da ya yi maka.

Cikin abubuwan da fim ke "ba" mutum, biyu sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko tausayi. Ba a faɗin "ya ba ni tausayi" da nufin ƙorafi, yana cikin manyan yabo, wanda ya ce sai da ya yi hawaye kuwa ya kai yabon maƙura. Wannan yana cikin dalilan da suka sa finafinan Indiya suka sami gindin zama a ƙasar Hausa. Mother India, wanda ya fito a 1957, labarin wata uwa da bashi da talauci suka taso wa, an yi shekaru da dama ana maimaita shi a gidajen silima na Arewa ba a gaji ba. Na biyu kunya. "Ya ba ni kunya" ba ya nufin aikin ya lalace. Yana nufin an nuna abin da bai kamata a gani tare da wanda a ke jin nauyinsa ba. Daga nan aka sami wani ma'auni wanda ba a cika samunsa a rubutaccen sharhi ba, watau auna fim da wanda za a iya kallonsa tare: wannan a kan kalle shi da yara, wancan ba a kallonsa da iyaye, wancan kuwa ko da wa aka fara, in suruki ya yi sallama sai a kashe.

Abu na uku shi ne aikatau masu ƙarewa da "u". F. W. Parsons na Jami'ar Landan, a rabon da ya yi wa aikatau na Hausa aji bakwai a 1960, ya sa su a aji na bakwai, ma'anarsu kuwa ita ce aiki ya kama abu sosai, kamar "nama ya dafu" ko "ƙarfe ya bugu". 'Yan kallo suna aiki da su ƙwarai: ya haɗu, ya tsaru, ya shiryu, hoton ya ɗauku. In aka kore su cikin lokaci mai ci, sai su ba da ma'anar rashin yiwuwa, kamar "ba ya kalluwa". Abin lura shi ne waɗannan sun bambanta da na baya. "Ya burge ni" magana ce bisa zuciyar ɗan kallo. "Ya tsaru" kuwa magana ce bisa aikin hannu, tana nuna mai maganar ya san akwai wanda ya tsara, ko da bai ambace shi ba. A nan ne irin sharhi na sosai ya ke, tun bai tsiro ba.

Kalmomin kushe sun fi na yabo kaifi, haka kuwa ya ke a kowane fanni. A kan ce shirme ne, ko shiririta, ko tarkace, ko ba kai ba gindi, ko an cika ja, ko ɓata lokaci. Amma biyu sun fi sauran zurfi. Ta farko "ƙarya". Kowa ya san fim ƙagagge ne tun daga farkonsa har ƙarshensa, to me a ke nufi da "ƙarya ta yi yawa"? Abin nufi shi ne labarin ya karya mizanin da shi da kansa ya kafa. Shi ya sa mutum guda zai kalli yaron fim ɗin Indiya ya doke ƙarti ashirin ya ce, "Ai Indiya ne," ya wuce, amma in ya ga haka a fim ɗin Hausa da aka ɗauka a unguwar da ya sani, sai ya ce ƙarya ce. Kowane iri da gwargwadon ƙaryar da aka yarje masa. Ta biyu ita ce "rainin hankali", ko "rainin wayo". Yayar nan ta misalinmu ba ta ce labarin yana da giɓi ba, cewa ta yi an raina mata hankali. Ta mai da kuskuren tsari laifin mu'amala, kamar mai fim ɗin yana zaune gabanta ya gaya mata abin da ya san ba za ta yarda ba. Wannan ya dace da abin da muka gani a baya, cewa fim baƙo ne mai yi maka abu. Baƙon da ke iya ba ka tausayi yana iya raina ka.

Akwai kuma "wankiya", watau a ɗauko labarin fim ɗin Indiya a sa masa rigar Hausa, sai a ce "an wanko shi". Ina ganin daga wankin hoto aka aro ma'anar. Ba kullum ne ta ke zama zargi ba. Wani lokaci mai faɗinta nuna sani kawai ya ke yi, yana so a san ya ga na asalin.

Mu juya ga mutanen cikin fim. 'Yan kallon silima na da su kan ce "yaron fim" da "yarinyar fim", ko da yaron ya ba hamsin baya, mugun kuwa shi ne "bos". Wannan ta sami jam'i "bosawa", da ɗafin nan na Kanawa da Katsinawa, sai ka ce wata ƙabila ce. "Jarumi" ta yi tafiya mai nisa. Da sadauki ta ke nufi, wanda ba ya ja da baya a fagen fama, sa'an nan ta zama sunan yaron fim don shi ke faɗa ya yi nasara, yanzu kuwa duk wanda ke fitowa a fim jarumi ne, ko da matsoraci ya saba fitowa. Wanda zai rubuta ƙamus nan gaba tilas ya ba ta ma'ana ta biyu.

Laƙabi ma ra'ayi ne a dunƙule, ɗan'uwan kirari. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano cikin shekarun 1990, ya rubuta waɗansu da Hausawa suka raɗa wa 'yan wasan Indiya: Dilip Kumar shi ne Sarkin Wasa, Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin, Rishi Kapoor kuwa Mace, don ya taɓa fitowa da kayan mata. A gida kuma sunan wasa ya kan cinye sunan yanka. Mutane da yawa ba su san Usman Baba Pategi ba sai an ce Samanja, haka Rabilu Musa, wanda ya rasu a 2014, sai an ce Ibro. Waɗansu kuma sunan fim ɗin da ya fito da su ne ya manne musu, kamar Sadiya Gyale da Jamila Nagudu, daidai da yadda a ke jingina mutum ga garinsu ko sana'arsa. Abin da ke biyo bayan wannan shi ne a cikin hira ba a cika raba ɗan wasa da wanda ya fito a matsayinsa ba. Za ka ji an ce wane ya saki matarsa, wance ta zuba wa kishiyarta magani, har a haɗa da "Allah ya isa", baƙon da ya tsinci zancen a tsakiya sai ya zaci labarin unguwa a ke yi.

Yanzu mun iso inda maganar ta fi shafar malami. Duk abin da muka kawo a sama harshe guda ne, na tsakanin tsara. Akwai na biyu. Ka ɗauki mutumin nan da ya ce fim ya tafi da shi, ka tsai da shi gaban dattawa, ko ka miƙa masa abin magana na gidan rediyo, ka sake tambayarsa. Ba za ka ji "ya haɗu" ba. Abin da za ka ji shi ne ya yi ma'ana, akwai darasi a ciki, yana ɗauke da saƙo, ya faɗakar, ya ilimantar, ya wa'azantar, ya nishaɗantar. In kushe ne kuwa, ya ce ba al'adarmu ba ce, ko yana ɓata tarbiyya.

A duba ginin waɗannan kalmomi. Yawancinsu aji na biyar ne a rabon Parsons, masu ƙarewa da "ar", waɗansu kuma daga suna aka ƙera su: ilimi ya ba da ilimantar, wa'azi wa'azantar, nishaɗi nishaɗantar. Irin wannan aikatau yana iya ɗaukar karɓau ta hanyar "da", amma a wannan hira a kan bar shi haka nan. A harshen tsara mutum ya kan ce "ya burge ni", da "ni" a fili. A harshen taro kuwa "ya faɗakar" kawai ya ke cewa, da wuya ka ji "ya faɗakar da ni". Wa aka faɗakar? Jama'a, matasa, matan aure, watau waɗansu can. Daɗin nasa ne, darasin na wasu.

Ban ɗauki wannan munafunci ba. Kowane harshe yana da maganar fada da maganar zaure. Amma ina ganin tarihin da muka fara da shi yana da hannu a ciki. Majigi ya zo ta ƙofar sarki, da mai bayani wanda aikinsa shi ne ya ce ga abin da za a koya, ya kuma tarar da al'ummar da ta daɗe da waƙoƙin wa'azi, wadda ta saba auna magana da amfaninta. Silima ta zo ta bayan ganuwa, da kuɗin shiga da mummunan suna. Da fim ɗin Hausa na kaset ya kunno kai, daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, sai ya gaji jikin silima, watau soyayya da waƙa da rawa, amma ya ga ba shi da mafaka sai harshen majigi. Sangaya, wanda ya fito a 1999, waƙarsa ce ta sayar da shi, ita kuma mutane ke tunawa har yanzu. Bayan Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, masu sana'ar suka daɗa riƙe kalmar faɗakarwa, gama ita ce garkuwarsu. Ɗan kallo ma haka, da ita ya ke kare awa biyun da ya kashe.

To, ga inda matsalar ta ke. Ɗalibi ya ɗauki aji wurin taro ne, saboda haka harshen taro ya ke kawowa. Ka ce ya faɗi ra'ayinsa bisa Shaihu Umar, ko littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ko fim ɗin da Adamu Halilu ya yi daga gare shi a 1976, sai ya jero maka haƙuri, da yarda da ƙaddara, da muhimmancin neman ilimi. Ba ƙarya ya yi ba. Amma wannan amsa za ta shiga littafi goma ba a sake ko wasali ba, wanda bai karanta ba ma zai iya rubuta ta. Mu kuwa mu kan ba ta maki, shi kuma ya gane abin da a ke so ke nan. Yaron nan da aka tashi, a ƙarƙashin bishiya, shi ne zai gaya wa abokinsa daidai inda labari ya fara ja, da dalilin da ya sa bai yarda da tubar bos ba, da wurin da aka wanko daga wani fim. Gwanintar tana nan, ƙofar aji ce ba ta shiga.

Hanyar shigo da ita, a ganina, tana cikin hirar kanta. Mai karatu ya lura yarinyar misalinmu ba ta daɗe bisa fim ɗin gaba ɗaya ba, nan da nan ta ce "wurin da uwar ta gane ɗanta". Kullum haka hirar ke tafiya, daga "ya yi" zuwa "wurin da". Wuri shi ne ma'aunin ɗan kallo. Saboda haka maimakon "Waɗanne darussa ke cikin labarin?" malami ya fara da "Wane wuri ne ya yi maka, wane ne bai yi ba?" sa'an nan ya bi da "Me ya sa?" Wanda ya ce an cika ja, a tambaye shi abin da zai yanke. Wanda ya ce ƙarya ce, a tambaye shi wace ƙa'ida labarin ya kafa sa'an nan ya karya. Wanda ya ce ya tsaru, a ce ya nuna abin da aka ajiye a farko aka ɗauko a ƙarshe. In ya amsa waɗannan ya riga ya yi magana bisa zubi da tsari da warwarar jigo, saura kawai a gaya masa sunayensu. Darasin ma ba a yar da shi ba, sai dai ya zo daga baya, da hujjarsa a hannu.

Abu biyu sun taɓa wannan hira a 'yan shekarun nan. Ɗaya shi ne finafinan Indiya da a ke ɗora wa muryar Hausa, irin na Algaita. A nan ra'ayi ya kan bar fim ɗin ya koma kan mai fassara, a ce "fassarar ta yi", a riƙa maimaita barkwancin da ya ƙara wanda babu shi a na asali. Mai bayanin majigi ke nan ya dawo, sai dai yanzu dariya ya ke nema, ba tsabtar gida ba.

Ɗayan kuma shi ne shiri mai dogon zango, kamar Daɗin Kowa na tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da Labarina da Izzar So, waɗanda suka fito a 2020. "Ya yi" shuɗaɗɗen lokaci ne, yana bukatar abin da ya ƙare. Labarin da a ke ba mutum kaɗan-kaɗan kowane mako ba ya karɓar wannan hukunci, sai dai a yanke shi bisa kashi guda, a ce "na wannan makon ya yi". Shirin kansa kuwa sai a ce yana yi, ko ya fara lalacewa, ko ya daina yi, ko ya dawo. Rabin hirar ma ya tashi daga abin da aka gani ya koma abin da za a gani: za ka ga ba mutuwa ya yi ba, wallahi ita ce ta sace takardun, in suka aurar da ita ga wancan na daina kallo. Wannan jimla ta ƙarshe sabuwa ce a bakin ɗan kallo, domin sharaɗi ce ya ke gindaya wa masu shirin tun labarin bai ƙare ba, yana kuwa sane da cewa kashin da ya ke magana a kai watakila ba a ɗauke shi ba tukuna.